Jana'izar Tumbin Baba

A gidanmu na Mandawari ba a ciwon ciki sai olsa. Ko ƙusa mutum ya haɗiya, olsa ce. Umma tana da ita, Gwaggo tana da ita, har akuyar maƙwabta da ta daina cin dusa an ce tata ce ta motsa. Saboda haka da Baba ya fara ture kwanon tuwo bayan 'yan lomomi, babu wanda ya ɗaga kai. Aka hana shi yaji da tsami, aka shiga ɗura masa madara da jiƙe-jiƙe, kowace baƙuwa ta shigo da nata maganin a ƙulle a bakin mayafi. Mutumin da a da yake share farantin bandashe har ya suɗe ƙuli, ya koma kallon gurasa kamar ta zage shi.

Baba ɗan awo ne. Hatsi yake sayarwa tun kafin a haife ni, kuma mudunsa na ƙarfe ya fi wasu 'yan uwansa daraja a wurinsa. Duk abin da ba a auna ba, a ganinsa zance ne kawai. Ni ce 'yarsa ta fari, sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake ce mini. Aure ya kai ni Dukawuya, ina koyarwa a wata makarantar 'yanmata. Wata ranar Asabar na zo gida na tarar da shi yana ɗaura tazugen wandonsa, ya zagaya da shi ƙugu har ya kusa zagayawa na biyu. Na ce wallahi ba zan koma ɗakina ba sai an je asibiti. Aka ce na cika azarɓaɓi, na ce na ji, a dai tashi.

A asibiti aka zura masa wata roba mai kyamara ta baki, aka gutsuro ɗan abu kamar ƙwayar gero, aka ce ciwon daji ne a tumbi. Likitar mace ce, ba ta da yawan magana, amma da ta ji sana'ar Baba sai ta gyara zama ta yi masa bayani da yarensa.

Ta ce, "Baba, jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani. Kowace ƙwaya tana ɗauke da wani abu da ake kira DNA, shi ne gadon da yake gaya mata aikinta. Kuma da awo yake, ka ɗauka mudu biyu ne, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Ƙwayoyin ciwon daji, wasu suna riƙe da awon nan kusan daidai, wasu kuma nasu ya rikice, sai ka samu mudu uku da ɗoriya. Sau da yawa masu rikitaccen awon sun fi rashin mutunci, sun fi saurin yaɗuwa, sun fi dawowa bayan an yanke."

Tun da muka fara zaryar asibiti ban ga idon Baba ya yi haske irin na ranar ba. Ya ce, "Ashe ciwo ma da mai algus. To nawa wane iri ne?"

Ta ce ɗan abin da aka gutsuro ya isa a faɗi sunan ciwon ne kawai. Sai an yi tiyata an cire wurin gaba ɗaya, a kai ɗakin gwaji, a duba zurfin da ya ci, a duba ko ya shiga kaluluwar da ke kewaye, sannan a auna ƙwayoyin. Bayan nan ne za a san yadda za a yi da maganar kemo, wato ruwan maganin da ake ƙara wa masu ciwon ta jijiya.

Baba ya riga ya ga masu shan wannan ruwa a ɗakin da ke kusa, ya ga amai, ya ga kawuna sun zama tal. Ya ce, "Likita, yanka na yarda. Amma ruwan nan sai an auna. In awo ya fito da ɓarna, ga hannuna, ki ɗura har ki gaji. In ya fito daidai, ki ƙyale ni in koma rumfata." Ta ce ba awon kaɗai ake dubawa ba. Ya ce ta haɗa duka ta ɗora a sikeli ta gaya masa. Duk wanda ya san Baba ya san ba ya magana biyu, don haka tun daga ranar na san ran ubana yana rataye da sakamakon gwajin nan.

To, sai Baffa. Baffa yayan Baba ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun da na yi wayo ban san shi da wata sana'a ba sai tsayawa a kan al'amura. Shi ne waliyyin aure, shi ne mai raɗa suna, shi ne mai raba faɗa ko da masu faɗan sun riga sun shirya. Amma inda ya fi shahara jana'iza. Ba a rufe gawa a unguwarmu bai leƙa ramin ya ce a ƙara sara ta wajen ƙafa ba. Masu haƙa kabari in suka hango babbar rigarsa sai su fara gaisawa da juna da ido.

Ranar Juma'a aka yi tiyatar. Muna zaune a benci, ni da Umma da Baffa, sai ga nas ta fito da wani farin bokitin roba mai murfi, an liƙe bakinsa da filasta. A asibitin nan dangin mara lafiya su ne 'yan aike, jini kai za ka kai, fitsari kai za ka kai, to ashe har tumbi. Ta ce, "Wa ye babba a cikinku?" Na yunƙura zan tashi, Baffa ya ɗaga mini hannu ko kallona bai yi ba. Nas ta ce masu ɗakin gwaji sun tashi, a ajiye shi a wuri mai kyau, a kawo ranar Litinin da safe. Kada a buɗe, kada a zubar da ruwan da ke ciki.

Na ce, "Baffa, da ka bar shi a wurina, tunda a nan zan kwana."

Ya ce, "Ke je ki yi jinyar ubanki. Wannan aikin maza ne."

Ya rungume bokiti ya hau adaidaita sahu. Ni da Umma muka shiga wurin Baba. Abin da ya faru a gida daga baya na ji shi, daga bakin Gwaggo, ƙanwarsu da ke zaune a gidan, wadda ba a taɓa ba ta sirri ya kwana ba sai wannan, shi ma don ba ta san sirri ba ne.

Da Baffa ya isa gida, Gwaggo ta ce ita ba za ta kwana rufi ɗaya da naman mutum ba, kuma firjin gidan cike yake da zoɓonta na sayarwa. Aka ajiye bokiti a zaure. Bayan La'asar 'yan majalisar Baffa suka taru kamar kullum, suka sa bokiti a tsakiya, kowa ya zama masani. Wani ya ce ya taɓa leƙa ɗakin gwajin nan, yanka naman suke yi siriri fiye da kilishi su manna a gilashi. Wani ya ce abin da ya rage a wuta ake jefawa tare da tsummokaran asibiti. Wani dattijo ya girgiza kai ya ce, to ranar tashi fa, da me bawan Allah zai tashi? Nan Baffa ya miƙe ya ce ba za a yi gunduwa-gunduwa da ƙaninsa a ƙone yana raye yana kallo ba.

Ya tafi wurin limamin unguwa ya ce, "Malam, naman da aka yanke daga jikin musulmi mai rai, yaya ake yi da shi?" Liman ya amsa abin da aka tambaye shi. Ya ce a naɗe a ƙyalle a binne, babu wanka, babu salla. Maganar cewa akwai likita tana jira, wannan Baffa bai ga tana da muhimmancin da za a ɗauke wa Malam lokaci da ita ba.

Sai dai binnewa haka kawai, ba wanka ba komai, ta yi wa Baffa kama da rowa. Ya ce ko ba wajibi ba ne a ɗauraye, ai ɗan gidan mutunci ne. Aka ɓalle filasta, aka buɗe murfi. Ruwan maganin nan yana da wani irin wari mai hawa kai, yana shiga ido kamar an daka barkono. Nan take dattawan Mandawari suka fara zubar da hawaye shaɓe-shaɓe. Wani mai wucewa ya leƙo zaure, ya ga manya suna kuka, ga farin yadi a shimfiɗe, ga Baffa ya naɗe hannun riga. Bai tsaya tambaya ba, ya yi salati ya juya. Kafin a gama ɗauraya, labari ya kai Ƙofar Nassarawa cewa mai hatsi bai tashi daga tiyata ba.

Jama'a suka cika layi. Baffa ya fito ya yi bayani cewa mai shi yana nan da ransa, wani sashe nasa ne dai ya riga shi. Mutane suka dubi juna. Tunda an riga an zo, an kuma rufe shaguna, sai aka ga ba daɗi a watse haka. Aka ɗora ƙullin a kan faifai, Baffa a gaba, jama'a a baya, aka raka tumbin ubana maƙabarta. Gwaggo ta ce akwai mamatan da ba su sami rabin wannan taro ba.

Mu muna asibiti ba mu san wainar da ake toyawa ba. Wasu sun bugo wa Umma waya suna ta'aziyya, ta ce musu ƙarya ce, ga shi nan yana numfashi, muka ɗauka irin jita-jitar gari ce. Ranar Litinin na tambayi Baffa ko an kai bokitin, ya ce, "Ke dai ki bar komai a hannuna." Da na sake tambaya ya ce ai aikin asibiti sai haƙuri. Wannan kuwa gaskiya ce da ba mai musu.

Baba ya fara zama, ya fara kurɓar ruwa, kullum in likita ta shigo tambayarsa ɗaya ce, awo ya fito? Ana cikin haka Gwaggo ta zo dubiya da kwanon kunun da ba a yarda ya sha ba. Ta zauna a bakin gado ta ce, "Yaya, kai dai ka yi sa'ar ɗan'uwa. Da ka ga mutanen da suka raka tumbinka, da ka san ana ƙaunarka a garin nan."

Baba ya dube ta. Na dube ta. Ta ci gaba da labari har da kwaikwayon yadda dattawa suke share hawaye. Ni ban san lokacin da na miƙe ba. Na fita baranda na sami Baffa yana ba wasu masu jinya shawarar da ba su nema ba.

Na ce, "Baffa, ina bokitin da nas ta ba ka?"

Ya ce, "An rufa masa asiri, kamar yadda ya dace."

"Likita fa? Gwajin fa? Ba a gabanka aka ce kada a buɗe ba?"

Ya gyara hula ya ce, "Ke yarinya, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Na ce, "Wannan karon ba hangowa ka yi ba, binnewa ka yi." Umma da ta biyo ni ta mintsine ni har sai da wurin ya yi shaida. Ban taɓa ɗaga wa Baffa murya ba sai ranar, kuma har yau ban ga abin da zan janye ba. Na ce a je a tono. Ya ce tonon kabari, a zuriyarmu? Allah ya kiyaye. Na tafi wurin likita da gudu. Ta saurare ni, ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce naman da aka fitar daga ruwansa, aka wanke, ya kwana da yawa a jiƙaƙƙiyar ƙasar damina, ko an tono babu abin da za a iya karantawa a jikinsa. Shi ma liman da labari ya kai masa, ya ce rabin magana aka kawo masa, da an ce masa neman lafiya ne da shi da kansa zai ce a kai. Baffa ya ce Malam yana da kirki, amma bai san asibiti ba.

Likita ta zauna da Baba ta roƙe shi. Ta ce tunda ba a sani ba, hankali shi ne a ɗauka mugun ne, a fara kemo. Ta ce abin da ta gani da ta buɗe cikin bai kwanta mata ba. Ta ce, "Baba, kai ka fi ni sani, ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima."

Baba ya yi murmushi ya ce, "Likita, rabin farko shi ne gaskiya. Rabin ƙarshen masu cutar mutane a kasuwa ne suka ƙara. Nawa mai cikakken awo ne ko mai algus?"

Ta ce, "Ba mu sani ba."

Ya ce, "To ranar da kuka sani, ki aiko."

Aka sallame mu. Kuma abin haushi, Baba ya samu sauƙi. Ya fara cin abinci kaɗan-kaɗan, ya ɗan ciko, har ya koma rumfa yana zama a kan buhu yana yi wa masu awo faɗa. Wa ya ga Baffa. Duk inda ya zauna sai ya ce ciwon da aka binne a gaban shaidu ta ina zai dawo? Har ya samu sabon matsayi a unguwa. Wanda aka cire wa ƙari, wanda aka yanke wa yatsa saboda ciwon suga, duk sai a aiko a tambayi Baffa yadda ake yi. Ya kan yi gyaran murya ya ce ai shi ya fara wannan a Mandawari.

Ni kuwa duk zuwan da zan yi gida sai na tayar da maganar. Na yi lallashi, na yi kuka, na yi fushi na ɗauke ƙafa, na dawo. Na ce, "Baba, ka sha ruwan nan ko don mu." Ya ce, "Uwata, a gabanki na yi magana. Na ce in an auna. An auna?" Na ji haushinsa ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Mutum ya rayu yana alfahari ba ya magana biyu, ga shi maganar tana neman cinye shi, shi kuma yana ganin mutunci ne.

Kafin sabon gero ya sake shigowa kasuwa, idon Baba ya yi ɗorawa. Cikinsa ya kumbura, sauran jikin ya zube. Muka koma wurin likitar, aka ɗauki hoto, ta ce ciwon ya shiga hanta. Baba ya naɗe hannun riga da kansa ya miƙa mata hannun, ya ce, "Yanzu kam mudu ya cika har ya zube, ko makaho ya ji. Ɗura." Ta ce za ta ɗura, amma yanzu sai dai don a rage masa wahala. A waje na tare ta na ce, da an yi gwajin nan, da ya sha tun farko, da ya warke? Ta ce ba ta sani ba, wataƙila da ya ƙara shekaru, wataƙila da ya dawo duk da haka. Ban taɓa jin amsar da ta ƙona mini rai irin wannan ba, don ko abin da zan riƙe in yi kuka da shi ba ta bar mini ba.

Baffa ya daina zaman majalisa. Kullum yana gefen katifar Baba, babbar rigar ta yi masa yawa. Ya so ƙaninsa, wannan ban taɓa shakka ba. Wata rana da hantsi ina ba Baba ruwa da cokali, sai ya juya wajen Baffa ya ce, "Yaya, ka tuna inda kuka sa shi?"

Baffa ya ce, "Na tuna. Jikin katanga, gindin wani darbejiya."

Baba ya ce, "To in ta Allah ta kasance, ku kai ni kusa da shi. Tunda an hana likita, ni zan auna shi da kaina." Ya yi 'yar dariya har ta sa shi tari. Baffa bai yi dariya ba. Ya tashi ya fita, ya manta takalminsa a bakin ƙofa.

Ranar da aka kai Baba, maigidana ne ya ba ni labarin maƙabarta. Ya ce Baffa ya sa an ajiye makara a rana, ya bi jikin katanga yana dubawa. An sare darbejiyar, sababbin kaburbura sun cike wurin. Ya je ya dawo, ya je ya dawo, yana nuna nan, yana cewa a'a, can ne. Mutumin da kabarin kowa bai taɓa ɓace masa ba a unguwar. Jama'a suna tsaye gumi yana zuba, ba mai iya yi masa magana. Daga ƙarshe liman ya kama hannunsa ya ce, "Alhaji, bari haka, ƙasar duk ɗaya ce." Aka rufe Baba a can wani gefe inda aka samu wuri. Maigidana ya ce karo na farko ke nan da aka yi rufi Baffa bai leƙa ramin ba.

Ana zaman makoki, mata sun cika tsakar gida, aka matsa mini sai na ci wani abu. Na taɓa shinkafar sadaka kaɗan, na nemi ruwan wanke hannu. Gwaggo ta jawo wani farin bokiti ta cire murfi ta tura gabana. A gefensa akwai sauran filasta da bai gama fita ba.

Na ce, "Gwaggo, wannan bokitin fa?"

Ta ce, "Shi ne. Kada ki damu, na wanke shi da toka da ruwan zafi har warin ya fita. Roba mai murfi irin wannan ai ba a yar da ita, asara ce."

Na janye hannuna na goge a zanina. Bokitin yana nan a gidan har yau, a ciki ake jiƙa wanki.